Mota Ta Ƙi Tashi: Batir ne, Altaneta ko Kik?

Kafin ka kira mai rewaya, kunna fitilun gaba ka murɗa makulli. In sun dushe kana jin ƙas-ƙas-ƙas, batir ne. Amma fara duba kawunansa, wannan farin garin da ke taruwa ya sha sa mutane sayen sabo a banza. In fitilu na nan tangaram, ƙas ɗaya ka ji sai shiru, kik nake zargi, wato na'urar da ke murza inji ya tashi.

Altaneta, na'urar da ke cajin batir, sai da mitar auna wuta. Batir lafiyayye yana nuna bolt 12.6 in mota na kashe. Inji na aiki, 13.5 zuwa 14.5. Bai haura ba? Altaneta ba ya caji, amma duba fanbel, bel ɗin da ke juya shi, tukuna.

Cire kan batir mota na kunne don gwada altaneta kuwa, ban yarda da shi ba, yana iya ƙona kwamfutar motar.