Yadda Ake Sauya Tayoyin Ranfilat Da Na Yau Da Kullum A Motar Jif

Wasu manyan jif-jif na Turai da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas, musamman BMW X3 da X5, suna zuwa ne da wata irin taya da ake kira ranfilat, wadda aka yi wa gefenta kauri ƙwarai ta yadda ko ƙusa ta huda ta iska ta fice, za ta ci gaba da ɗaukar nauyin motar har kimanin kilomita 80, muddin direba bai wuce gudun kilomita 80 a awa ba. A ƙasar da aka ƙera ta wannan dabara ce mai kyau, domin kafin a cinye wannan tazara an iske shagon da ke sayar da irinta. Amma wanda tayarsa ta sace a wani ƙauye bayan Haɗejia, inda tsakaninsa da Kano ya haura kilomita 150, lissafinsa daban ne. Mai facin bakin tasha da wuya ya iya ɓalle ta da liba, kamfanoni da dama ba su yarda a yi mata faci bayan an yi tafiya a kanta babu iska, sannan taurinta yana sa a ji kowane rami na hanyar burji har cikin ƙugu.

Kafin komai, sai mutum ya tabbatar da abin da ke ƙafar motarsa, domin sau da yawa mai motar na farko ya riga ya sauya ɗaya ko biyu. Ana gane ranfilat ta rubutun gefenta: Bridgestone na sa RFT, Michelin na sa ZP, Continental na sa SSR, kuma waɗanda aka yi wa BMW kan ɗauki alamar RSC cikin da'ira.

Shawarata ita ce a sauya duka huɗun a rana ɗaya, ko da aljihu zai ji a jikinsa. Idan aka bar masu tauri a baya aka sa masu laushi a gaba, motar ba za ta riƙa amsa sitiyari daidai ba a kan kwana ko lokacin taka birki da gaggawa. Ƙari a kan haka, yawancin waɗannan motoci ƙafafu huɗu suke ja, kuma bambancin tsayi tsakanin tsohuwar taya da sabuwa yana wahalar da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, wanda kuɗin gyaransa ya fi na tayoyin nesa ba kusa ba.

Wajen saye, a bi lambobin da ke kan takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, kada a bi maganar mai shago da zai ce ai wannan ma za ta shiga. A rubutu irin 255/55 R18 109V, lamba 109 tana nufin kowace taya na ɗaukar kilo 1,030, kuma ba a sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta, balle ga wanda zai loda buhunan gero ko shinkafa a baya lokacin kaka. Wasu X5 tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, don haka a duba ko'ina kafin a biya. A kuma nemi lambobi huɗun ƙarshe na layin rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar: 1524 na nufin an yi tayar a mako na 15 na shekarar 2024. Tayar Beljiyam mai zane raɗau amma ta tsufa, ba ta jure zafin kwalta a watan Afrilu.

Aikin cirewa a kai shi wurin da ke da injin cire taya, ko da sai an shiga Kano ko Dutse. A yawancin irin waɗannan motoci akwai 'yar na'ura maƙale da bawul daga cikin wili, ita ce ke kunna fitila a dashbod idan iska ta ragu, kuma liba ɗaya da aka cusa ba a lura ba ta isa ta fasa ta. A gaya wa mai aikin tun kafin ya fara. Wilin da motar ta zo da shi yana karɓar taya ta yau da kullum ba tare da wani gyara ba. Bayan an ɗaura, a yi balansin da alaimen, a sa iska daidai da takardar ƙofa tun tayar na da sanyi, sannan a sake saita ma'aunin iskan a dashbod.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne but ɗin motar. An ƙera ta babu safaya, galibi babu jak babu wilsifana, domin ranfilat ce ta tsaya a madadinsu. Ranar da aka cire ta, ranar ya kamata waɗannan su shiga. A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ana samun wili da jak, amma kada a biya sai an ɗaura safayar a ƙafar gaba an juya ta, domin birkin gaba na irin wannan mota babba ne, kuma ba kowane wili ke wuce shi ba ko da ramukan sun dace. Jak ɗin ya zama mai ɗaukar tan 2 zuwa sama, tare da guntun katako mai faɗi da za a shimfiɗa masa, saboda a rairayin Gumel ko taɓon fadama jak yakan nutse ne maimakon ya ɗaga. Ƙaramin famfo mai amfani da batirin mota da igiyar facin tubles ba su cin wuri. Safayar kuma a ɗaure ta da kyau, kada ta riƙa yawo a bayan yara. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ma sukan tambayi safaya a hanya.

A makon farko direba zai ji motar ta yi laushi, sitiyarin ya ɗan rage kaifi, kuma wannan ba laifi ba ne. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗaure kusoshin ƙafafun duka. Daga nan kuma, idan fitilar iska ta kama, ba a ƙara cewa bari a ƙarasa gida kamar dā. A gangara gefen hanya a duba, domin sabuwar tayar ba za ta yi nisa babu iska ba tare da gefenta ya yage ba.