Kayan waya da na caji: abin da za ka saya kafin ka hau motar haya daga Kumasi

Da zarar Sallah ta gabato ko lokacin bukukuwa ya kama, baƙinmu da suka sauka a Aboabo da Asawase sai su shiga cigiyar motar haya. Wani ɗaurin aure zai je Tamale, wani zai gangara Akra duba kayansa a tashar ruwa ta Tema, wani kuma zumunci zai kai Bawku. Kusan kowannensu za ka gan shi da leda cike da kayan da ya kwaso a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, tun bai ga motar da zai shiga ba. Rabin kayan ba za su yi aiki a motar ba, sauran kuma su ne ke haddasa rigima ranar mayar da makulli. Don haka tsarin shi ne: ka fara ganin motar, ka zauna a kujerar direba, ka duba ramukan da take da su, sannan ka tafi kasuwa. Idan kuma da direbansu za a ba ka ita, kamar yadda masu haya da yawa a nan suka fi so, tambaye shi abin da ke ciki, don sau da yawa yana da rabin abin da kake shirin saya.

Maganar soket ta gida ba ta da tsawo. Gana na amfani da mai ƙafa uku irin na Ingila, wuta bolt 230, daidai da na Najeriya. Wanda ya taso daga Kano ko Zariya babu abin da zai canza. Ɗan Nijar ko wanda ya biyo ta Togo da caja mai ƙafa biyu zagayayyu ya sayi ɗan mahaɗi ɗaya don masauki, shi ke nan. Layin waya kuma a je ofishin kamfani da fasfo ko katin shaida na Gana a yi rajista da sunanka, kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi. Riƙe biyu, MTN da Telecel ko AT, domin bayan Kintampo akwai wuraren da ɗaya ke ɗaukewa ɗayan ya kama.

Caja ta mota ita ce farkon saye. Mutane na ganin ramin USB a jikin rediyo su ce ai an gama. Wannan ramin don kiɗa aka yi shi, a yawancin tsofaffin motoci wat 2.5 zuwa 5 yake bayarwa. Waya kuwa in tana nuna taswira, haskenta a ƙure saboda rana, data a kunne, tana iya shan abin da ya kai haka ko ya fi. Shi ya sa mutum zai bar Ejisu da kashi 60, waya a jone, ya isa Nkawkaw ta koma 40 yana zagin batir. Abin da kake buƙata caja ce mai shiga ramin kunna sigari, wanda ke ba da bolt 12. Nemi mai baki biyu, ɗaya USB-C da aka rubuta PD a jikinsa mai wat 20 zuwa 30, ɗaya kuma tsohon baki don wayoyin fasinja. Karanta ƙananan rubutun da kyau: wata za a rubuta wat 36 ɓaro-ɓaro a kwali, alhali jimillar bakunan biyu ce. Ka jona ta a shagon ko a motar mai shagon ka ga wayarka ta nuna caji mai sauri kafin kuɗi ya bar hannunka. A layin masu waya na PZ a Adum akwai na gaske akwai jabu, wani lokaci a teburi ɗaya. Yaranmu na zango da ke sana'a a wurin ba sa ɓoye wa ɗan'uwa in ya yi sallama ya tambaya kai tsaye, amma wanda ya zo yana neman mafi araha, mafi arahar za a miƙa masa, kuma araha ba ta ado.

Igiyar caji biyu, ba ɗaya ba, tsawon mita ɗaya ya isa. Doguwa siririya tana rage ƙarfin caji, tana kuma naɗe giya. In motar na da allon da ke karɓar Android Auto ko CarPlay, wato mai nuna taswira da kiran wayarka, sai igiyar da ke ɗaukar bayanai, domin akwai masu caji kawai, za ka yi ta jonawa allo bai san kana yi ba.

Mariƙin waya ba kwalliya ba ne. Dokar hanya ta Gana ta 2012, L.I. 2180, ta hana tuƙi da waya a hannu, kuma 'yan sandan kula da hanya na MTTD suna tsaye a hanyar Akra da ta arewa. Iri uku ne a kasuwa. Mai tsotsar gilashi yana da kyau da safe, amma rana ta buɗe, roba ta yi laushi, ka hau tudun rage gudu irin waɗanda ke shimfiɗe a kowane gari da ka ratsa, sai waya ta faɗo ƙarƙashin birki. Mai maƙalewa a hancin na'urar sanyi ya fi dacewa da ƙasar nan, tunda iskar na sanyaya wayar. Waya ta yi zafi sosai tana rage haske ta daina karɓar caji, kuma gaban mota a rana yana wuce digiri 60. Sai dai ka duba hancin tukuna, in zagayayye ne ko haƙarƙarinsa ya tsufa yana karkarwa, mariƙin ba zai zauna ba, ko ya karya shi. Na ukun shi ne mai gam da ake liƙawa a dashbod. Wannan kada ka ko taɓa shi.

A nan ne baƙi ke shan kashi, don haka bari a tsaya a kai. Motar ba taka ba ce, kuma ka ajiye kuɗin ajiya a hannun mai ita. Ranar da ka dawo, ba zai tambaye ka ko hanya ta yi daɗi ba, zagaya motar zai yi yana neman abin da zai cire a kuɗin nan. Gam ɗin mariƙi in ya sha rana kwana uku yana barin tabo, wani lokaci ya ɗago fatar dashbod ɗin gaba ɗaya, kuma kuɗin da za a yanka maka ya ninka na mariƙin sau da yawa. Haka mai ɓalle robar gefen gilashi don ya ɓoye igiyar kyamarar gaba mai ɗaukar hanya: maƙallan robar na karyewa, kuma a motoci da yawa jakar iska ta kariya a wajen take. Haka mai kiran mai gyaran wayarin mota ya ja masa wuta kai tsaye daga akwatin fis. Duk abin da zai taɓa wayarin mota ko ya bar alama, bar shi a kasuwa.

Akwai kuma ɗan ramin da ke ƙarƙashin sitiyari inda bakanike ke jona kwamfuta. Wani lokaci za ka tarar da ɗan akwati a maƙale a wurin, na'urar bin sawu ce ta mai mota. Masu ƙaramin sani sukan zare ta don su saka tasu ko don kada a san inda suka je. Da ka zare, wayar mai motar za ta sanar da shi, kuma a idonsa kai ɓarawo ne har sai ka wanke kanka. Tambaye shi tun farko ko akwai iyakar da ba ya so a wuce. Haya zuwa Tamale ba izinin tsallaka Paga zuwa Burkina Faso ba ne, wannan sai da yardarsa a rubuce da takardun mota da inshorar ECOWAS mai launin ƙasa.

Batir ma na cinye kuɗin ajiya. A wasu motocin ramin sigari yana mutuwa in ka kashe inji, a wasu kuma yana nan da wuta dare da rana. Gwajin minti ɗaya ne: jona caja mai ɗan fitila, kashe mota, zare makulli, buɗe ƙofa ka rufe, ka duba ko fitilar ta mutu. In ba ta mutu ba, duk dare sai ka zare komai, musamman kyamara. In ka manta, da asuba mota ta ƙi tashi a Techiman, kuma mai ita zai ce lafiyayyen batir ya ba ka.

Kariyarka daga duk wannan ita ce wayarka, saboda haka ka share mata wuri tun a gida, gigabait biyu ko uku. Kafin ka motsa, ɗauki bidiyo ɗaya ba yankewa, mai motar na tsaye: jiki ta kowane gefe, ƙasan bamba, gilasai, tayoyi huɗu da safaya, jak da abin kwance taya, alwatikar gargaɗi, tukunyar kashe gobara, takardar inshora da ta lafiyar mota da ke liƙe a gilashi da kwanan watansu, sannan lambar kilomita da allurar mai, inji na kunne don a ga ko akwai fitilar gargaɗi. Haska dashbod da hancin na'urar sanyi kusa-kusa. Nan take ka tura masa ta WhatsApp, ya zama rana da lokaci suna wayoyinku biyu. Wasu na jin nauyi, wai Alhaji ne ya haɗa su da mai motar, ba daɗi a nuna rashin yarda. Jin nauyin nan shi ke komawa zaman sulhu a ƙofar gidan sarkin zango daga baya.

Fis kuwa abu ne ƙarami mai ɓata tafiya. Ramin sigari yawanci yana kan fis mai amfiya 10 ko 15, wato wat 120 zuwa 180. Butar dafa ruwa ta mota, ko babbar inbata, mai mayar da wutar mota irin ta gida, da aka jona wa kwamfuta da wani abu a lokaci guda, tana ƙona shi, sai caji ya tsaya wa kowa. Murfin akwatin fis yana da zane, duba lambar da girman, ka sayi biyu a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ko kowane shagon kayan mota. Ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Irin wanda ya ƙone za ka mayar. Kada wani ya ce a sa babba ko a naɗa wayar ƙarfe a madadinsa, wayarin motar ne zai ƙone maimakon fis ɗin.

Fawa bank mai 20,000mAh ya wadatar. Lambar da ke jiki ba duka ke shiga waya ba, kusan kashi biyu cikin uku za ka samu, wato cika babbar waya sau biyu zuwa uku. Amfaninsa a masauki ne in an ɗauke wuta, ko in mota ta lalace a daji. Kada a bar shi a mota a rufe cikin rana, yana kumbura. Mai dawowa ta jirgi ya sa shi a jakar hannu, kuma kada ya wuce kimanin 27,000mAh.

Kyamarar gaba tana da amfani ga mai tuƙa kansa, ganin yadda manyan motoci ke wuce juna a hanyar Konongo da yadda pragya, wato keke mai ƙafa uku, ke kutsowa a cikin gari. Zaɓi mai tsotsar gilashi da ke shan wuta daga ramin sigari, wadda ba ta da batir a ciki sai kafasita, ita ke jure zafi. Katin ajiya 64GB na musamman mai jure yawan rubutu zai riƙe awoyi da dama kafin ya fara share na baya. In wani abu ya faru, zare katin nan da nan. A shingen jami'an tsaro kuma kada ka juya ta kana haska fuskar kowa.

Motoci da yawa a Gana tsofaffin shigowa ne daga Amurka da Kanada, kuma na Amurka manyan lambobin agogon gudunsu mil ne. Iyakar gudu a gari kilomita 50 ce, a babbar hanya 90. A agogon mil, 31 ke nan da 56. Baƙo ya ga allura a kan 80 ya ɗauka yana lallaɓawa, alhali ya kusa kilomita 130. Kunna ma'aunin gudu na taswirar wayarka ka sa shi a kilomita. Rediyon irin waɗannan motoci ma lambobin mara kawai yake kamawa bayan ɗigo, kamar 88.1 da 88.3, don haka in ka sayi na'urar da ke tura karatu ko kira daga waya zuwa rediyo, saita ta a irin wannan lamba, a inda babu tasha. Na Japan kuwa tsofaffin suna tsayawa a 90.

Taswira a sauke ta a waya tun kana inda intanet ke da ƙarfi. Google Maps na ba da damar ajiye yanki guda, kuma tauraron ɗan'adam na nuna inda kake ko babu sabis, cunkoso ne kawai ba za ka gani ba. Kumasi zuwa Akra kusan kilomita 250 ne, zuwa Tamale kusan 380, a sauke hanyar duka har da gefenta. In mai masaukinka ya ba ka adireshin GhanaPostGPS, wato lambar da ke nuna gida a taswira, buɗe shi tun a gida ka ajiye wurin. In taswira ta ce ka bar kwalta ka bi wata gajeriyar hanya cikin damina, tsaya ka tambayi direban trotro, ƙaramar bas ɗin haya.

Famfon taya mai jonawa a ramin sigari na masu nisa ne, a kunna inji lokacin amfani da shi, kuma lambar iskar da ta dace tana liƙe a bakin ƙofar direba. Tocila ƙarama ma a riƙe, kada a ƙarar da cajin waya wajen canza taya da dare. Lambar gaggawa 112 ce.

Ranar mayarwa, shiga saitin rediyon motar ka goge wayarka daga jerin Bluetooth, domin sunayen mutanenka da kiran da ka yi suna iya zama a ciki ga mai haya na gaba. Zare caja, leƙa ƙarƙashin kujeru don igiya da katin kyamara, goge zagayen da mariƙi ya bari a gilashi da ɗanyen ƙyalle, ka sake ɗaukar bidiyo irin na farko a gabansa. In ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, zai mayar da kuɗin ajiya, kada ka bar wurin sai ka duba asusunka ka ga sun shiga.