Yadda Za A Hana Hular Kwano Zama Makami A Ƙwallon Amurka

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallon Amurka a waya, ya ga ƙarti biyu sun gwabza karo sun miƙe kamar babu abin da ya faru, yakan ɗauka cewa hular kwanon da ke kansu ce ta gama magana. Wasan bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba, domin Roman Oben, wanda aka haifa a Yaunde, ya ci kofin Super Bowl, kofin wasan ƙarshe na babbar gasar Amurka, tare da ƙungiyar Tampa Bay a kakar 2002, kuma mahaifin shahararren ɗan wasa Ndamukong Suh ɗan Kamaru ne. Saboda haka idan wani malamin wasanni a Garwa ko Marwa ko Ngaundere ya samu huluna, daga ɗan'uwa a waje ko daga 'yan gwanjo, ya yi niyyar tara samari, wannan bayani nasa ne, kuma na iyayen samarin ne.

Kafin a taɓa hular, a fahimci iyakar aikinta. Tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, tana kare fuska da haƙora, amma ba ta iya riƙe ƙwaƙwalwa wuri guda, domin ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take. A duba yadda matan Fulani suke kaɗa nono a cikin gora: gorar ba ta tsage ba, amma abin da ke cikinta ya sha bugu har mai ya ware. Haka ƙwaƙwalwa take gwaruwa da bangon ƙoƙon kai duk lokacin da kai ya tsaya cik ko ya juya da ƙarfi, komai tsadar hular da ke waje.

Tarihin wasan ma ya nuna haka. A 1905, lokacin da kariyar kai ba ta wuce hular fata ba ga mai so, aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu, har Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sa baki aka sauya dokoki. Jami'o'i sun wajabta hula a 1939, gasar ƙwararru ta NFL ta biyo baya a 1943, sannan hular roba mai tauri ta kamfanin Riddell da ƙarfen kare fuska suka yaɗu a shekarun 1950. Daga nan sai wata sabuwar masifa ta ɓullo, domin mutumin da ba ya tsoron karyewar hanci sai ya fara tunkarar abokin karawa da kai kamar rago. A 1968 kaɗai 'yan wasa 36 suka mutu. Abubuwa biyu ne suka rage mace-macen: ƙa'idar gwajin hula ta hukumar NOCSAE a 1973, da dokar 1976 da ta haramta soka da tsakiyar kai, wadda bayanta shanyewar jiki ta sanadin karyewar wuya ta ragu ƙwarai. A ganina wannan ne amsar masu musu a kan ko hula kariya ce ko haɗari. Tana ceton rai, amma tana ba mai sanye da ita ƙarfin halin da wuyansa da ƙwaƙwalwarsa ba za su iya ɗauka ba, sai an haɗa ta da doka da horo.

Yanzu a duba hular kanta. A nemi tambarin NOCSAE da shekarar da aka ƙera ta, wadda ta haura shekara 10 kuma a daina amfani da ita, domin ko a Amurka kamfanonin gyaran hula ba sa karɓar irinta. A bi jikinta da hannu ana neman tsaga, musamman kusa da ramukan kusoshi, a danna katifar ciki a ga ko ta mutu ko ta bushe. Kada a wanke ta da fetur, kada a shafa mata fentin da aka ga dama, domin suna cin robar, kuma kada a bar ta a rana. Hular 'yan babur ba ta maye gurbinta, tunda an ƙera waccan ne domin ta sha bugu guda mai tsanani ta lalace, kuma ba ta da ƙarfen fuska.

Wajen gwadawa, bakin hular ya zauna kimanin santimita 2.5 sama da gira, ramukan gefe su yi daidai da kunnuwa, madaurin haɓa ya zauna tsakiya a ɗaure tamau. Mai horarwa ya kama hular ya motsa ta hagu da dama. Idan fatar goshi ta bi ta to ta yi, idan kuwa ta zame ita kaɗai to ta yi girma. Hula ba rigar sallah ba ce da ake saya da yalwa domin yaro ya girma a cikinta.

Babban aikin yana wajen koyar da kayarwa, kuma a nan muna da abin da muka gada, domin ɗan kokawa ba ya kai hari da tsakiyar kansa. Yana durƙusa gwiwa, ya sa kafaɗa, ya sarƙe cinya ko ƙugu da hannaye, idonsa na kan abokin karawarsa. Haka za a koya wa samari: kai a ɗage, ido a buɗe, kafaɗa ta fara sauka, kai ya wuce ta gefen jikin wanda ake kamawa. Dalili kuwa shi ne, idan mutum ya sunkuyar da kai, lanƙwasar da ke wuyansa takan miƙe, ƙasusuwan su jeru kamar sanda, sai ƙarfin karon ya bi ta cikinsu ya karya ɗaya ya taɓa laka. Kayarwa da kai a sunkuye ce ta raunata lakar Ryan Shazier na ƙungiyar Pittsburgh a 2017, bai sake buga wasa ba.

Hanya mafi kyau ta dasa wannan ɗabi'a ita ce a riƙa cire hular na 'yan mintuna a lokacin atisaye, a yi kayarwa a hankali a kan katifa ko yashi, bibbiyu, ba da gudu ba. Jami'ar New Hampshire ta gwada haka da 'yan wasanta, aka ga bugun kai ya ragu a cikin waɗanda suka yi, kuma a 2014 mai horarwa Pete Carroll ya yaɗa salon kayarwa da kafaɗa da ya aro daga wasan zari-ruga. Wanda ya saba kare kansa ba hula, zai ci gaba da kare shi da hula. A kuma taƙaita ranakun karo da ƙarfi a cikin mako, domin ƙananan bugu masu maimaituwa su ma suna taruwa. Likita Bennet Omalu, haifaffen Najeriya, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster bayan rasuwarsa a 2002 ya gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, kuma Webster da hula ya yi wasansa duka.

Zafinmu ma abin lura ne. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, hula kuma tana riƙe zafi, don haka a yi atisaye da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a cire ta a kowane hutu a sha ruwa.

Idan yaro ya sha bugu ya tashi da jiri ko ciwon kai ko ruɗewa, ko ya kasa faɗin inda yake, a fitar da shi ko da bai suma ba, kuma ba zai koma fili a ranar ba ko da ya rantse ya warke. Amai akai-akai, ko barci mai nauyi, ko farfaɗiya, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, duk suna nufin asibiti nan take. Idan kuwa yana kwance yana kukan wuya ko ya ce ba ya jin hannu ko ƙafa, kada kowa ya ja hular ko ya ɗaga shi. Mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu yadda yake har ma'aikatan lafiya su iso.

Ga yara ƙanana, da duk ƙungiyar da ba ta da huluna masu inganci ko asibiti kusa, shawarata ita ce a fara da nau'in wasan da ake fizge ƙyalle daga ƙugu maimakon kayarwa. Ba ya buƙatar hula ko kaɗan, ƙwallo da ƙyallaye da fili sun wadatar, kuma shi ne nau'in da za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028.