Yadda ake sulhu idan shanu sun yi ɓarna a gona

A ƙauyukan Jigawa, musamman yankin Haɗejia irin su Guri da Kirikasamma, gari ɗaya kan tara Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa. Kowa da wanda yake jin maganarsa. Manomi na kallon mai unguwa da dagaci, wanda wasu ke kira bulama. Bafillace kuwa sai abin da arɗo ya ce. Sulhun da ya manta da wannan ba ya kai wata damina.

Da zarar an ga ɓarna, a je gonar a ranar, tun sawun shanu bai gushe ba. Mutum huɗu sun isa: mai unguwa, wakilin sarkin noma, wakilin arɗo da liman. Kada mai gona ya kama saniya ya ɗaure a gida, kada kuma matasa su bi sawu zuwa ruga. Yawancin rigingimun da ke kai ga jini daga nan suke tashi, domin an taɓa dukiya da mutunci kafin a tabbatar da mai laifi. A tantance ko shanun mazauna ne ko na baƙi masu wucewa daga Nijar. Ɗora wa Fulanin gari laifin baƙi zalunci ne, kuma yana raba ku da mutanen da suka fi kowa iya gane garken da ya wuce.

Ƙiyasi shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. A ƙirga kunyoyin da aka ci, a gwada da na gefe da ba a taɓa ba, a fitar da yawan damin gero ko dawa da za su bayar. Gero da aka ci yana ƙarami yakan sake tofowa, don haka ba a yi masa kuɗin wanda ya fitar da kai. A saka harawa da kara a lissafi. Farashi kuwa a ɗauko na kasuwar da ta ci a makon, kamar ta Maigatari ranar Alhamis, ba wanda mai gona ya faɗa cikin fushi ba. A kuma duba ko gonar ta shiga burtali ko ta toshe hanyar mashaya. Idan ta shiga, dole a faɗa a fili, a rage diyya.

Sai zama. A yi shi a ƙofar dagaci ko a harabar masallaci, amma in dagaci ɗan'uwan mai gona ne, a kai gaban hakimi. Shirun makiyayi a taro ba yarda ba ce. Kunyar fulaku kan hana shi musu a gaban manya. A ba arɗo dama ya keɓe da shi, su yi magana da Fillanci, sannan ya dawo da amsa. Kada a matsa da tambayar yawan shanu. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979, lokacin Jigawa na cikin Kano, amma har yau ƙidayar garke na tayar wa dattawa da tsohon tsoro.

Hukunci ya fito ta baki biyu: dagaci ya faɗa wa manomi, arɗo ya faɗa wa makiyayi. A rubuta adadi da ranar biya a takarda uku, da boko ko ajami, kowane ɓangare ya riƙe ɗaya, ɗaya ta zauna wurin dagaci. A biya a gaban shaidu, kuma kada masu sulhu su karɓi ko sisi daga ciki.

Idan an ji wa mutum rauni ko an rasa rai, magana ta fi ƙarfin zaure. Dagaci ya sanar da hakimi da 'yan sanda nan take, tare da arɗo, don kada wani ɓangare ya ɗauka an kai ƙararsa a ɓoye.