Yadda za ki kalli fim ɗin Papicha ki gane shi

'Yar uwa kafin ki danna komai ki fara sanin tarihin, in ba haka ba za ki yi ta ganin 'yan mata na gudu baki san me ya koro su ba. A Aljeriya ne, jam'iyyar FIS ta masu kishin Islama ta ci zagayen farko na zaɓe a Disambar 1991, sojoji suka soke zaɓen a Janairun 1992, daga nan ƙasa ta rikice kusan shekara goma ana kashe-kashe. Cikin wannan halin Nedjma jarumar fim ɗin take, ɗalibar jami'a mai ɗinki a hostel, ba ta da buri sai ta nuna kayan da ta ɗinka. Mounia Meddour ce ta ba da umarni, ya fito 2019.

Sai batun yare, Larabcinsu gauraye yake da Faransanci, ko kin yi Islamiyya ba za ki tsinci da yawa ba, ki nemi mai fassarar Turanci a ƙasa. Bai kai awa biyu ba, ki sauke da datar dare ki cika caji.

Ki fara kalla ke kaɗai kafin ki tara ƙanne, akwai wurin rawa da shigar da ba tamu ba, ke za ki san inda za ki wuce.

Amma wurin da aka harbe Linda yayar Nedjma 'yar jarida a ƙofar gida, don Allah ki sa iyafis. Kyamara na kan fuskar Nedjma, abin na faruwa can bayanta dishi-dishi, sauti ya ɗauke ɗif. Ni a Gusau na kalla, wallahi sai da na tsayar na fita tsakar gida na zauna kan turmi, don na tuna 2021 da aka rufe makarantu aka katse mana sabis, kana son jin lafiyar naka ba hali.

Daga nan ki sa ido kan haik, farin mayafin nan na iyayensu mata, ki ga yadda Nedjma take naɗe shi tana kafa fil har ya zama riga. In kina ɗinki ki ajiye takarda da biro kusa, ni sau uku na mayar da wurin baya.