Babi na 7: Tafiya Yamai, Karatun Farashi da Sanin Hanya

Wannan babi na wanda zai tafi Yamai ne, ko ganin ɗa, ko jinya, ko sayayyar biki, ko neman takarda. Ba sai kun iya Faransanci ba. Abin da ake so ku iya shi ne karanta lamba iri uku: ta tikiti, ta waya, da ta kuɗi. Ta kuɗin ita ce mai kayar da mutane, don haka a kanta za mu daɗe. Kowa ya fito da littafinsa da fensir. Wanda ya baro nasa gida ya matsa kusa da na gefensa.

Darasi na 1: Tikiti da takardar aljihu

Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500. Mota tana bi ta Birnin Ƙonni, ta Dogon Dutsi, ta Doso, sannan Yamai. Ku rubuta sunayen nan huɗu a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Idan mota ta shiga gari, ku dubi allon da ke bakin hanya, ku nemi harafin farko. A allon za ku ga an rubuta KONNI, DOGONDOUTCHI, DOSSO, NIAMEY. Na ƙarshen da N ya fara, ba da Y ba, amma shi ne Yamai ɗin da muka sani.

A tikiti ku nemi abu biyu, rana da lokaci. Rana ana rubuta ta gida uku: kwanan wata, wata, shekara. Lokaci yana da harafin H a tsakiya. Abin da ke hagun H ƙarfe ne, abin da ke damansa minti ne. 05H00 ƙarfe biyar ne na asuba. 17H00 ƙarfe biyar ne na marece. Idan lambar hagu ta wuce 12, ku cire 12, abin da ya rage shi ne ƙarfen yamma ko na dare. Hagu ita ce wajen hannun da ba ku ci da shi. Na faɗa ne don ana mantawa.

Yanzu ku yagi ƴar takarda. Ku rubuta sunanku, sunan garinku, sunan mai masaukinku, unguwarsa, da lambar wayarsa. Lambar waya a Nijar takwas ce, ana rubuta ta biyu-biyu. Ku ƙirga. Idan kun sami bakwai, ɗaya ta faɗi, ku sake tambaya. Takardar nan ta zauna wuri ɗaya da katinku na ɗan ƙasa, domin ana tambayarsa a shingen hanya. Kada wani ya ce ai lambar tana cikin waya. Caji yana ƙarewa, waya tana ɓata.

Darasi na 2: Tamma a takarda, dala a baki

Ku natsu a nan. Mu da baki dala muke ƙirgawa. Rubutu kuwa tamma yake ƙirgawa. Dala ɗaya tamma biyar ce. Kuɗin ɗaya ne, awon ne ya bambanta, kamar hatsin da aka auna da tiya aka sake auna shi da gwangwani.

Idan kun ga lamba da harafin F a bayanta, ko FCFA, wannan tamma ce. Misali 500 F. Ido ya ga ɗari biyar, baki ya ce ɗari biyar, zuciya kuma ta ɗauka dala ɗari biyar ce, sai mutum ya zaro jika biyu da rabi ya miƙa. Ya biya abu ɗaya kuɗin abu biyar. 500 F dala ɗari ce. Ku faɗa tare da ni: 500 F, dala ɗari. Ku sake. 500 F, dala ɗari.

Ga dabarar, mataki biyu ne kawai. Na farko, ku sa yatsa ku rufe sifilin ƙarshe. Sifili shi ne ɗan zagayen nan, 0. Na ƙarshe shi ne na can dama. Guda ɗaya za ku rufe, ba biyu ba. Na biyu, abin da ya rage ku ninka shi, wato ku ƙara masa irinsa. Abin da kuka samu shi ne dala.

100 F. Rufe sifili, saura 10. Goma da goma, dala ashirin.
250 F. Rufe sifili, saura 25. Ninka, dala hamsin.
500 F. Rufe sifili, saura 50. Ninka, dala ɗari.
750 F. Rufe sifili, saura 75. Ninka, dala ɗari da hamsin.

Kun gani? Lissafin nan kun iya shi tun kuna yara. Iyayenmu mata da ke sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa sun fi ni saurin canji nesa ba kusa ba. Idon ne kawai bai saba ba, kuma zai saba.

Lambobin da suka ƙare da 5 ba su da sifilin rufewa. Su hardace su za a yi: 25 F dala biyar, 75 F dala goma sha biyar, 125 F dala ashirin da biyar.

Jika ba ta da wahala, domin baki da takarda sun yarda a kanta. 1000 F jika ɗaya. 5000 F jika biyar. Wani lokaci za ku ga ɗigo ko ɗan fili a tsakiya, kamar 1.500 F ko 1 500 F. Kada ɗigon ya ba ku tsoro. Abin da ke hagunsa jika ne, abin da ke damansa ku yi masa dabararmu. 1.500 F: jika ɗaya, sai 500. Rufe sifili, ninka, dala ɗari. Jika ɗaya da dala ɗari ke nan, jika da rabi.

Ku fito da takardar kuɗi idan akwai. Takardun sefa biyar ne: 500, 1000, 2000, 5000, 10000. Na san da launi kuka san su, ta jika ja-ja ce, ta jika biyu shuɗiya, ta jika biyar koriya. To takardar da ta sha hannu ta sha zufa, da magariba a cikin takisi, ba ta da wani launi. Ku dubi kusurwa ku ƙirga sifili. 5 da sifili biyu, dala ɗari. 5 da sifili uku, jika biyar.

Aiki: ku mayar da waɗannan dala. 150 F, 350 F, 600 F, 900 F, 2.750 F. Da fensir, ba da ka ba.

Darasi na 3: Cikin kasuwa

Amsar aikin jiya: dala talatin, dala saba'in, dala ɗari da ashirin, dala ɗari da tamanin, sai jika biyu da dala ɗari da hamsin. Wanda ya ci uku ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Waɗanda suka rufe sifili biyu a 600 da 900 kuwa, na ce guda ɗaya. Guda ɗaya tak.

Babbar Kasuwar Yamai a tsakiyar gari take, a allo za ku ga GRAND MARCHE. Gobara ta cinye ta a 1982, aka sake gina ta, aka buɗe a 1987. Tana da ƙofofi da yawa, layukanta kuma sun yi kama da juna. Kafin ku shiga ku tsaya ku dubi abin da ke bakin ƙofar, shago ne ko masallaci ko allo, ku rubuta a takardarku. Ta nan za ku fito. A ciki akwai atamfa, shadda, leshi, turare, takalma, kwanonin ɗakin amarya. Yawancin ƴan kasuwar suna jin Hausa. Zabarmawa ma da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi irin namu, don haka ciniki da baki ba zai ba ku wuya ba.

Inda ake faɗuwa shi ne idan an rubuta. Kun tambayi turmin atamfa, mai shago ya danna lamba a ƴar na'urar lissafi ya juyo muku fuskarta. Kada ku gyaɗa kai don jin kunya. Ku ce, "Alhaji, riƙe min ita in karanta." Ku sa yatsa. Idan lambobi huɗu ne a jere, ta farko jika ce, ukun da suka biyo ku rufe musu sifili ku ninka. 7500: jika bakwai, sai 500, dala ɗari. Ku faɗa da ƙarfi ya ji: "Jika bakwai da rabi ke nan?" Idan ya ce i, sannan a fara tayi. Kuɗin farko da aka faɗa ba shi ne na saye ba, ku taya ƙasa, ya ce albarka, ku ƙara kaɗan. Wannan ba sai na koya muku ba. Farashin da nake bayarwa a littafin nan na gwaji ne, kada wani ya je ya ce malam ya ce haka ake sayarwa.

Idan kayan gini ne ko na aiki, katako, kwanon rufi, ƙofa, tukwanen da ake narka ƙarfe a zuba, kasuwar Katako ake zuwa, akwai hatsi ma. Kayan fata da na azurfa kuwa sai ƙauyen masu sana'ar hannu da ke Wadata. A can za ku ga baduku zaune da wuƙarsa da basilla yana ɗinka jaka a gabanku, maƙerin farfaru yana hura wuta a kan zobe. Ku juya takalmi ku duba ɗinkin ƙasa kafin ku biya. Ni dai a ganina bargon tera-tera ya fi kowace tsaraba daɗewa, sai dai yana da nauyi a aljihu.

Sai canji. Kaya 1.250 F, kun ba da takardar 2000. Canjinku 750 F. Rufe sifili, ninka, dala ɗari da hamsin. Ku ƙirga a tafin hannu kuna tsaye a wurin, kafin ku ɗaga ƙafa.

Bari in faɗi gaskiya, iyayena. Wasunku ana aji sai su ce sun gane, ana fita sai su miƙa wa jikansu takarda ya karanta musu. To jikan nan ba zai bi ku Yamai ba, yana lakwal. Wasu kuma sai Talata ta zagayo suke neman inda suka ajiye littafi. Haka ba za ta yi ba. Ba don ni kuke yi ba, kuɗin da kuka sayar da akuya ko buhun albasa kuka samu ne ake magana a kai. Kowa ya koma shafin baya ya sake yin biyar ɗin nan, har wanda ya ci duka. Rufe sifili ɗaya, ninka.

Darasi na 4: Wuraren gani

Idan kun sami yini guda, ku je gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, a allo MUSEE NATIONAL. An kafa shi a 1959. Akwai zaki, kura, dorina da kada. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, da aka tono a yankin Agadas aka harhaɗa su tsaye. Akwai kuma itacen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta buge shi a 1973, aka ɗauko gangar jikinsa aka ajiye a nan. Ana biyan kuɗin shiga. Ku karanta allon farashi da kanku, kun san yadda ake yi.

Ba nisa daga nan sai gadar Kennedy, ta 1970, a kan kogin Isa. Ƙetarenta Harobanda ne, inda jami'ar Abdu Mumuni take. Babban masallacin Juma'a kuwa kowane mai takisi ya san shi. Ku faɗi inda za ku, ku ji kuɗin kafin ku shiga. ENTREE ƙofar shiga, SORTIE ƙofar fita. Ku kwafe su sau uku.

Darasi na 5: Abinci

Dambu da zogale, shinkafa da wake, fari masa da safe, tsire da marece, soyayyen kifin kogi. Ku ci mai zafi, ku sha ruwan da bakinsa yake rufe. Kilishi a saya ranar komawa, a ɗanɗana kafin a naɗe. Gidan abinci mai allo a bango, a karanta kafin a zauna. Aiki: faranti 600 F, ruwa 150 F. Nawa ne duka, dala nawa ke nan?

Darasi na 6: Komawa gida

A yanki tikiti tun ana gobe tafiya. A dubi H. A ƙirga kaya, a rubuta suna a jikin kowane buhu. Aikin wannan darasi shi ne na Darasi na 2, a sake yin sa a kawo ranar Talata.