Yadda ake kallon zanen Goya na mai barci da mujiyoyi

A 1799 mai zane Francisco Goya na ƙasar Sifen ya fitar da jerin zane 80 da ya kira Los Caprichos. Na 43 ne ya fi suna: mutum ya kifa kai a kan teburi yana barci, tsuntsayen dare sun yi masa rumfa. Tsawon zanen bai wuce santimita 22 ba, don haka kallon wucewa ba ya isarsa.

Fara sanin yadda aka yi shi. Ana shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a zana da allura, a tsoma cikin asid ya ci wuraren da allura ta buɗe. Sai a cika ramukan da tawada, a danne takarda mai laima a kai. Duhun bayan mutumin kuwa ba layi ba ne. Garin ƙaro aka barbaɗa aka narkar a farantin, asid ya ci tsakanin ƙwayoyin.

Ja baya kamar taku biyu tukuna, ka bi haske kawai. Ya fi ƙarfi a kafaɗar mai barcin da mujiyoyin da ke kusa da shi, yana raguwa zuwa sama inda jemagu suka koma inuwa. Fuskarsa a ɓoye take, saboda haka a jiki za ka karanta damuwarsa: bayan da ya ranƙwafa, hannuwan da suka rufe kai, ƙafafun da ya harɗe.

Yanzu matso ga dabbobin. A nan masu kallo suka fi kuskure, su ce mujiya alamar hikima ce. A Sifen ta zamanin Goya wauta take nunawa, jemage kuma jahilci. Dubi mujiyar da ke hagu da kyau, alƙalamin zane take miƙa wa mai barcin. A ƙasa ta dama ga kyanwar daji kwance, idonta biyu tar, ita kaɗai ke kallon abin da ke faruwa cikin natsuwa. Rubutun jikin teburin na cewa barcin hankali yana haifar da dodanni. Karanta shi a ƙarshe, in ba haka ba zai rufe maka ido ga sauran.

In takardar na gabanka, haska tocila ta gefe. Bugun gaske yana da shaidar gefen faranti da ta lotsa takarda, tawadar layukan kuma ta ɗan taso. Gilashin ƙara girma sau 10 zai tona kwafin inji, domin za ka ga ɗige-ɗige jere reras. Kada ka taɓa da hannu mai gumi.

Goya ya miƙa farantan ga Sarki Carlos na huɗu a 1803, aka ci gaba da bugawa da su har 1937. Ƙananan ramukan da asid ya ci tsakanin ƙwayoyin ƙaro ne ke fara cinyewa, shi ya sa a bugun baya-baya duhun ke dusashewa, jemagun su fito fili, firgicin ya ragu. Kwatanta da hoton bugun 1799 kafin ka yanke hukunci.